Wane giris ya dace da kulocin bel na babur mai taya huɗu?

Ka ce ka buɗe murfin bel ɗin Grizzly 700 ɗinka, babur mai taya huɗu na Yamaha, ka tarar giris ɗin cikin fulin gaba ya yi baƙi ya bushe, kuma kana da gwangwanin jan giris na boris ɗin taya a ajiye, kana tambaya ko zai yi, in bazai yi ba wanne zaka nema.

Toh ɗan'uwa, jan giris ɗin nan dai ka bar shi inda yake tukuna. Ba don ja ne ba, kalar giris bata nufin komai, rini ne kawai kamfani ke zubawa, zaka iya samun ja guda biyu da basu haɗa komai ba. Matsalar ita ce baka san abin da ke cikinsa ba, kuma wurin da kake son sa shi ba irin boris ɗin taya bane ko kusa.

Ka duba yadda abin yake aiki. Fuli biyu ne, na gaba a jikin inji, na baya a jikin giya, kowanne faranti biyu ne masu gangara da suka matse bel a tsakaninsu. In ka ba shi totur rolar da ke cikin na gaba sai su fita waje su tura faranti ɗaya, bel ya hau sama a gaba ya nutse a baya, canjin giyar kenan. Babu haƙori babu sarƙa, duk ƙarfin injin nan ta gefen bel yake bi, da kamu kawai. Kaga kenan duk wani abu mai santsi da ya taɓa gefen bel ko fuskar faranti ya ɓata maka aiki, bel zai fara zamewa, zamewa ta kawo zafi, zafi ya ƙona robar ta yi ƙyalli ta ƙara zamewa, haka har ya tsinke ko ya fara zubar da haƙoran cikinsa. Don haka bel ɗin shi kansa ba a sa masa komai, har irin feshin nan da ake yi wa fanbel ɗin mota in yana kuka, kar ya kusance shi. Giris yana zama ne a 'yan wurare da aka rufe da oyilsil ko murfi, kuma aikinka shi ne ka tabbata ya zauna can bai fito ba.

Fitowar kuwa ba wuya. Fulin nan in inji ya kai juyi 6000 a minti, abin da yake nisan santimita 6 daga tsakiya ana jansa waje da ƙarfin da ya ninka nauyinsa kusan sau 2400, wato giram ɗaya na giris ya koma kamar kilo biyu da ɗoriya yana neman ƙofa. Ga zafi, akwatin bel in ana jan kaya ko ana fama da laka yana iya kusantar digiri 100. Boris ɗin taya bai san wannan wahalar ba. Giris ɗin da yake zaune lafiya a taya, a nan sai man da ke cikinsa ya rabu da sabulun ya tsiyaye ya bi ta duk inda ya samu, ya bar maka busasshen ɓawo a kan hanyar rola, wanda inaga shi ne ma abin da ka tarar, an haɗa da ƙurar bel.

Kafin maganar wane giris, sai an san wane irin kuloci ne, saboda ba duka ake sa wa ba, kuma nan ne mutane suka fi yin ɓarna, wani ya ga yadda aka yi wa mashin ɗin abokinsa ya je ya yi wa nasa. Mashinan kamfanin Polaris misali, tsarin kulocin bel ɗinsu da suke kira PVT a bushe yake aiki, cikin fulin gaba ba rola ce a cikin giris ba, wasu ƙarafa ne masu lanƙwasa da suke lilo a kan fin, da bushin masu santsin kansu, an yi su ne su yi aiki haka nan. In ka shafa musu giris ƙurar bel ce zata manne a kai ta zama kamar sanfefa ta cinye bushin ɗin, abin da suke so kawai a hure su da iskar kwamfaresa a goge. Na kamfanin Can-Am ma kusan haka ne, sai dai akwai wani boris mai juyawa gefe ɗaya a tsakiyar fulin gaba wanda yake riƙe mashin a gangara in ka saki totur, shi littafinsu Isoflex Topas NB 52 ya ce a sa masa, na kamfanin Klüber na Jamus, kuma ɗan kaɗan. Masu Honda kuwa galibinsu ma basu da wannan ciwon kan, manyan mashinansu na aiki ba da bel suke canza giya ba.

Naka Yamaha ne, tsarin Ultramatic, wanda suka fara sawa a Grizzly 600 tun 1998. Shi daban yake. Bel ɗinsa kullum a matse yake, ba shi ke yin aikin tashi daga tsaye ba, akwai wani kuloci daban a cikin inji yana wanka a baƙin mai shi ke kamawa, shi ya sa bel ɗinsu ke daɗewa. Wancan na ciki ba ruwansa da giris, abin da yake buƙata baƙin mai na babur mai alamar JASO MA a jikin galan, in ka zuba masa na mota mai ƙarin santsi shi ma zamewa zai yi, sai ka yi ta zargin bel alhali ba laifinsa. Wuraren giris a naka su ne cikin fulin gaba inda rola takwas suke a bayan murfinsu, da bututun ƙarfen da farantin ke zamewa a kai, da cikin fulin baya wajen fin da ramukansu, sai boris ɗin da ke tallafe da bakin shaf ta waje.

Na rola, Yamaha suna da nasu, a da ana ce masa Grizzly Grease, yanzu zaka gan shi da sunan Yamalube Ultramatic Grease. In zaka same shi, saye shi ka huta. Ni ba mai cewa komai sai na kamfani bane, akwai abubuwa da yawa da suna kawai kake saye, amma wannan aikin ba kullum ake yinsa ba, gwangwani ɗaya ya ishe ka, kuma in ka auna shi da bel ɗin da zaka ƙona in aka samu matsala ai ba a ma haɗa su. Sannan kaurinsa yana cikin lissafin yadda rolar ke tafiya, giris mai danƙo da yawa yana sa su nauyin jiki musamman da sanyi, mashin ya ƙi komowa ƙaramar giya da wuri in ka rage gudu.

In kuma babu halin samunsa, ga abin da zaka duba a jikin gwangwani ko takardar bayanin giris ɗin. Giris dai mai ne aka daskarar da wani sinadari mai kama da sabulu, yawancinsa man ne, kashi 70 zuwa sama da 90 cikin ɗari, sauran sabulun da 'yan ƙare-ƙare. Lambar NLGI ita ke nuna kaurinsa, daga 000 mai kusan ruwa har 6 mai tauri kamar dunƙule, kai 2 zaka nema, wanda in ka lakata kamar man basilin yake. Sai zafin da yake fara ɗiga, a takarda zaka ga an rubuta dropping point. Tsohon giris na kalsiyam tun wajen digiri 90 zuwa 100 ya fara narkewa, wannan kar ma ka kalle shi. Na litiyam zalla yana kaiwa wajen 190. Wanda aka rubuta lithium complex ko polyurea suna kaiwa 250 zuwa sama, calcium sulfonate yana wuce 300 kuma yana jure ruwa sosai. Amma kar lambar ta ruɗe ka kace ai akwatina bai kai 190 ba, wannan lambar inda ya gama lalacewa ce, tun ƙasa da haka sosai yake fara sakin mai, balle ga juyi yana matse shi. Ni in aka tilasta min, lithium complex ko polyurea mai lamba 2 zan ɗauka, mai man roba wato sintetik, wanda ba ya yin zare-zare in ka raba yatsunka. Wannan mai zaren an ƙara masa danƙo ne don ya manne wa abin da yake a buɗe, a cikin rola kuwa jan ƙafa yake sawa. Jan giris ɗinka in ka juya gwangwanin ka ga ya cika waɗannan toh zai iya fitar da kai na ɗan lokaci, in babu rubutun komai sai hoton taya, mayar da shi kan shelf.

Akwai baƙin giris mai moli, wanda ake sa wa siviji. Makanikai da yawa suna sonsa, kuma da gaskiyarsu a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe da nauyi a hankali. Amma moli gari ne mai santsi da yake shiga ƙananan ramukan ƙarfe ya zauna, in ya taɓa fuskar faranti fitar da shi aiki ne, sai kayi ta gogewa tsumma na fitowa da toka-toka. Kuma ga masu boris mai juyawa gefe ɗaya a cikin fuli, wannan kam haramun ne, don shi da kamu yake kullewa, in ka sa masa moli ko girafayit ko giris mai alamar EP, wato na jure matsi mai tsanani, sai ya daina kamawa, ka saki totur a gangara mashin ya tafi da kai kamar a fili.

Kar ka haɗa sabo da tsoho. Sabulun giris ba duka suke jituwa ba, polyurea da litiyam sau da yawa in sun haɗu sai su yi laushi su tsinke, na yumɓu wanda ake ce wa bentonite kusan ba ya shiri da kowa, Isoflex ɗin nan ma na bariyam ne ba a cakuɗa shi da abin da aka ga dama. Tunda baka san abin da wanda ya riga ka ya zuba ba, a ɗauka basu dace ba, a wanke tas.

Wajen kwancewa, akwai ramuka masu zare a jikin fulin baya, ka ɗaura noti M6, wato masu kaurin milimita 6, masu ɗan tsawo, sama da milimita 45, sai su buɗa farantan bel ya yi sako-sako, kar ka sa sukundireba kana ɓanɓara. Duba kibiyar da ke bayan bel ɗin, in ta goge ka yi masa alama da alli, yadda ya fito haka zai koma. In zaka zare fulin gaba ka sa yatsunka ta baya ka matse farantin da ke danne rola, in ka sake shi rolar zasu tashi tsaye su fita daga mazauninsu, haka ma wajen mayarwa. Cire murfin, kwashe tsohon giris da katako ko roba ba da ƙarfe ba, wanke ƙarafan da kananzir sannan ka bi da feshin wanke birki ko sifirit don kananzir yana barin maiƙo, su rola da 'yan robobin zamewa ruwan sabulu ya ishe su. Daga nan ɗauki rolar ɗaya-ɗaya ka murza a tsakanin yatsu a gaban haske, in ka ji wani wuri ya yi faɗi ko farcenka ya tsaya a wani gefe, ta ci, kuma ba giris ɗin da zai gyara ta, a canza duka takwas ɗin lokaci ɗaya don nauyinsu ya zo ɗaya. Irin wannan rolar ita ke sa kaji mashin ya maƙale a wani gudu sannan ya fizga. Duba ramukan da suke bi ma, in sun yi kwari zaka ji da yatsa. Oyilsil biyun da ke ramin tsakiya ka lanƙwasa leɓensu kaɗan, in ya yi tauri ko ya tsage canza shi, haka zoben robar murfi, don wallahi ko wane irin giris ka saya in waɗannan sun mutu a kan bel zai ƙare.

Yawansa kuma littafin gyaran mashin ɗin da giram ya faɗa, na rola daban na bututu daban, kuma da gangan suka yi haka. Samu ɗan sikeli ka auna, kar ka bi ido. Mutane suna ganin in kaɗan yana da kyau toh da yawa ya fi, sai su cika wurin maƙil, alhali in faranti ya matsa wurin yana raguwa, abin da ya yi yawa dole ya nemi hanya. Shafa wa kowace rola ta ko'ina, sauran ka raba shi daidai a ramuka takwas ɗin don kar gefe ɗaya ya fi nauyi fuli ya riƙa girgiza. Bututun kuwa shafa ce kawai a cikin ramin tsakanin oyilsil biyun, in ka zura shi abin da ya turo waje ka goge, ka matsa farantin gaba da baya ka sake gogewa har ɓangaren da bel zai zauna a kai ya bushe ƙarau.

Fulin baya in ba dole ba ni bana gaggawar buɗe shi. Akwai sifirin mai ƙarfi a ciki, in ka kwance notinsa ba tare da abin danne shi ba zai iya fasa maka baki. In farantin yana zamewa sumul kuma babu alamar maiƙo, a bar shi. In ya kama a buɗe, littafin Yamaha a nan Bel-Ray Assembly Lube ya ambata ba na rola ba, a cika ramukan fin da shi, a canza zobban roba da oyilsil. Boris ɗin bakin shaf na waje shi kam giris ɗin litiyam na yau da kullum ya ishe shi, nan ne ma jan naka zai yi amfani, shi ma ɗan kaɗan.

Zaka ji wasu suna cewa su sun daina sa giris gaba ɗaya, sun sayi rolar da aka yi don aiki a bushe. Gaskiya ne akwai su kuma suna aiki, masu shiga ruwa da laka sun fi son su don in ruwa ya shiga wankewa kawai zaka yi, kuma giya tana amsawa da sauri. Sai dai sun fi ƙara kuma suna son a riƙa buɗewa ana hurewa. Abin da ba a yi shi ne rabi da rabi, ka bar rolar kamfani a bushe ko ka sa giris ka bar murfinsu a cire ƙura tana shiga. Kuma ko da busassun rola, bututun nan yana nan da 'yar shafarsa.

Kafin ka mayar da bel ka wanke hannu tukuna, da gaske nake, yawancin maiƙon da ke zuwa kan bel daga yatsun mai gyara yake. Fuskar farantai huɗun ka bi su da koren soson Scotch-Brite a hankali don cire baƙin layin roba da ƙyalli, sannan farin tsumma da sifirit ko asitin har tsumman ya fito fari. Bel ɗin a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu da burushi a bar shi ya bushe sosai, ko sabo ne a wanke, akwai santsin da yake fitowa da shi daga masana'anta. Kar ka sa masa fetur ko tina. In kuwa ya riga ya sha giris har gefensa ya yi laushi, ko ya yi ƙyalli, ko wani wuri ya fi wani siranta, wanki bazai dawo da shi ba, sabo zaka sa, ka lallaɓa shi wajen kilomita 50 na farko ba totur har ƙasa ba jan kaya. Notin fulin gaba ka tabbata haƙoran farantin baya sun hau kan na shaf kafin ka ɗaure, ka riƙa juya bel yana hawa sama don kar noti ya matse bel kai kana zaton ya ɗauru, kuma a ɗaure da sufana mai awo yadda littafi ya ce.

Lokacin sake yi ya danganta da inda kake hawa. Mai bin busasshiyar hanya zai daɗe bai taɓa ba, amma duk ranar da ruwa ya shiga akwatin bel, bayan ka buɗe magudanar ƙasa ya tsiyaye, ka sa a ranka sai ka duba giris ɗin, in ya koma fari-fari ko ruwan ƙasa ruwa ya shige shi, a wanke a sake. Kuma duk inda tafiya ta zama ta rarrafe ko da kaya a baya, sa lo, wato ƙaramar giya, zafin da zaka rage wa akwatin ya fi duk bambancin da ke tsakanin giris da giris.

Bayan ka haɗa ka yi 'yar tafiya mashin ya yi zafi sosai, bari ya huce ka sake buɗe murfin ka haska cikinsa da tocila, musamman in ba na kamfani ka sa ba. In ka ga ɗigo-ɗigo sun yi layi a zagaye daidai saitin fulin gaba, giris ne yake fesowa, ko ya yi yawa ko zoben murfi bai zauna ba ko giris ɗin bai iya wurin ba, kwance ka gyara tun bai kai ga bel ba. In kuma abin da ka gani mai ne siriri ya taru a ƙasan akwatin yana warin baƙin mai, wannan ba daga giris ɗinka bane, oyilsil ɗin da ke bayan fuli ta wajen inji ne ya fara yoyo, shi zaka canza kafin ka sa sabon bel.